Shekarar da Na Ƙi Shimfiɗa Madacin Gidanmu

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ara mini kwana har na ga jikokina suna gardama da ni. Ku 'ya'yana, wannan babin ban so rubuta shi ba, don mutum biyu daga cikin waɗanda abin ya shafa suna ƙasa, Allah ya haskaka kabarinsu. To amma bara a wajen sunan nan na Zariya, ina zaune ina cin waina, na hango wata yarinya da ko cikinta ba a yi ba lokacin da abin ya faru, tana nuna ni da baki tana ce wa 'yar'uwarta ai wannan ce Rabin Libiya da ta raina kyautar yayanta. Wainar nan ban ƙarasa ta ba. Na ce tun da har maganar ta yi jikoki, gara ku ji ta daga bakin mai ita. A lokacin duk kuna gida wajen karatu, abin da ya iso kunnenku ta bakin direbobi ya iso, direba kuwa in ya ɗauko labari daga Sabha, kafin ya kai Agadas ya yi masa hannu da ƙafa.

A unguwar Sukra ta Sabha muke zaune, a gidan hayar nan da kuka sani. Babanku yana da shagon tireda a kasuwa, ni kuma ina dafa tuwo da shinkafa ina sayar wa mutanenmu masu aikin gini. Ƙasan gidan duk tayil ne, kamar kowane gida a garin. Da zafi ni'ima ne, ka kwanta a kai kamar ka rungumi randa. Da sanyi kuwa, wanda bai yi sanyin Sabha ba kada ya sa mana baki, don in ka taka shi ba takalmi har cikin haƙoranka za ka ji. Wankinsa ba wuya, ka kwara bokitin ruwa ka ja da roba har waje. A wajen matan Larabawa na koya, na zo na fi su, har babanku yana tsokanata wai ni da agwagwa uwarmu ɗaya.

Ciwon a shago ya same shi, yana cikin auna wa wani sukari. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, baki ya karkace. Aka yi zaman asibiti, aka shiga gashi, Allah da ikonsa baki ya dawo daidai, hannu ma ya ɗan saki. Ƙafar ce ta tsaya a tsakiya. Tana ɗaukarsa, amma ba ta ɗaguwa. Jan ta yake yi, yatsun suna sharar ƙasa, sanda a hannun dama. Duk da haka mun gode Allah, don yana zuwa banɗaki da kansa, yana fitowa tsakar gida ya sha hantsi, har ya fara maganar komawa masallacin unguwa. Sai ranar da ya yi alwalar Azahar, ruwan ƙafarsa ya ɗiga a tayil, sandar ta zame. Ina kicin na ji faɗuwarsa. Aka ɗauki hoto aka ce ba abin da ya karye, amma ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na san akwai abin da ya karye wanda hoto ba ya nunawa. Daga ranar ya kwanta. Mutumin da ya ratso hamada a bayan mota yana saurayi, sai ga shi yana kallon tsakar ɗakinsa kamar rijiya.

Ba irin dabarar da ban yi ba. Na shimfiɗa kafet, ƙafar ta naɗe shi. Na sa darduma, ta tafi da ita. Na sa leda, ta tattare, ga sanyin yana ratso ta. Likitan gashin, wani Basudane mai haƙuri, ya ja ni gefe ya gaya mini gaskiya ba kwana-kwana, cewa in babanku ya ƙare sanyin nan bai taka ba, ƙafar za ta sandare, daga nan kuma sai keke har ƙarshen rayuwa. Abin da na lura shi ne, wuri ɗaya tak yake yarda ya miƙe, wato ɗakin gashin, shi kuwa ƙasansa katako ne. Rannan muna dawowa a mota na tambaye shi dalili. Ya amsa yana kallon titi.

"Ƙasar can riƙe mutum take yi. Tamu ture mutum take yi."

Shi ke nan na ɗaura niyyar shimfiɗa masa katako a gida. Na je wajen mai gidan, wani dattijon Balarabe da ke da gonar dabino a Gudduwa, mutumin kirki, Allah ya saka masa. Ya ce in yi duk abin da zai tashi Malam, sharaɗinsa ɗaya, kada a fasa masa tayil. Na dawo da murna, na ɗauki waya na kira Yaya Sale don in ba shi labari, ba don in roƙe shi komai ba.

Dole in tsaya in gaya muku wane ne Yaya Sale a wurina, don ku kun san shi da furfura da faɗa ne kawai. Babanmu ya rasu ina goye. Yaya ne ya yi noma ya ciyar da mu, shi ya saya mini allon farko, shi ya aurar da ni, shi ya rako ni har tasha ranar da zan biyo babanku, yana ta yi mini faɗa a kan ɗaurin kaya don kada in ga idonsa ya kawo ruwa. Auta yake ce mini har na yi jika. A ƙofar gidanmu kuma akwai wani madaci, wanda a gindinsa aka ce babanmu yake zama yana tufkar igiya, ɓawonsa muka sha duk don ciwon ciki. A daminar shekarar iska ta kayar da shi. Da na gama ba Yaya labarin katako, sai na ji ya ce Allah mai iko, ya kashe waya. Ashe a ransa ya gama lissafi, cewa Allah bai kayar da itacen nan ba sai don ƙafar mijin Auta. Bai shawarce ni ba. Ya kai gungumen injin yanka, ya bi direbobi yana roƙo, ya sa aka ɗaure katakon a saman buhunan citta, ya ratso Agadas da Dirku da duk shingen bincike da ke hanya, har ƙofar gidana.

Ranar da aka sauke shi na fito na gani. Jawur, mai nauyi, ga wani ƙamshi mai ɗaci-ɗaci da na rabu da ji tun ina budurwa. Na zauna a kai na yi kuka mai isata. Na sa aka kai wa babanku guda ɗaya har gado, ya shafa, ya sansana, ya ce wannan ƙofar gidanku ce Yaya ya aiko miki. Wallahi a ranar nan, da wani ya ce mini ba zan shimfiɗa katakon nan ba, da na tsinka masa mari.

Na kira Usta Iliya, wani kafinta Badamagare da ya daɗe a garin. Usta haka ake ce wa gwanin sana'a a can. Ya ɗaga katakon, ya ƙwanƙwasa, ya yaba ƙwarai, sannan ya ce ɗanye ne, da ruwan damina ya taho a cikinsa, a jera shi a ɗakin ajiya a bar shi ya saba da iskar gari. Muka jera. Ba a jima ba na fara jin ƙara da tsakar rana, ƙas, ƙas, kamar ana fasa gyaɗa. Na leƙa, sai ga bakin katakon yana tsagewa. Iskar Sabha ba ta da tausayi, in ka shanya zane kafin ka juya ya bushe, to haka ta dinga zuƙe shi. Hankalina ya tashi, na kira Yaya. Ya ce ƙishirwa yake ji, in riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma yadda ake yi wa tsakar gida kafin shara. Ni kuwa abin nema ya samu, an haɗa agwagwa da ruwa. Na yi ta yayyafi da zuciya ɗaya. Sama ta sha ta kumbura, ƙasa tana bushe, katakon ya shiga tanƙwarewa, wani ya yi kwari kamar akushi, wani ya murɗe. Da Usta ya dawo ya gani, ya cire hula ya sosa kai ya mayar, bai ce komai ba sai "wala", kalmar da mutanen Nijar ke yi in abu ya riga ya faru.

Kada ku ɗauka lalacewa ya yi. Usta ya ce zai gyaru, madaci ba ya mutuwa da sauƙi, sai dai yana son abu biyu. Yana son lokaci, shekara ko fiye, har ya gama motsinsa. Yana kuma son ƙusa, tun da kuwa ba za a huda tayil ba, sai an gindaya wasu katakai a ƙasa a buga shi a kai, ɗakin ya ƙara tudu kamar faɗin tafin hannu. In aka matsa aka shimfiɗa yanzu, zai goge shi sumul, amma kafin zafi ya shigo zai buɗe baki a tsakani, wani gefen ya ɗaga. Na tambaye shi na ɗakin gashi fa, wane iri ne? Washegari ya zo mini da guntunsa daga wani kanti. Larabawa barke suke ce masa, mu muka sa masa katakon haɗi. Na juya shi na ga gefensa hawa-hawa kamar biskit. Falle-falle ne sirara aka manne da gam, wannan a tsaye wancan a gicciye, kowane yana riƙe ɗan'uwansa kada ya motsa, sannan aka ɗora katakon gaske a sama, wanda tafin silifa ma ya fi shi kauri. An busar da shi tun daga kamfani. Ba ya son ƙusa, harshe gare shi da yake shiga bakin na kusa da shi, a kan tayil ake kwantar da shi bisa wani siririn soso. Na taɓe baki na ce wannan ai kwali ne aka yi wa kwalliya.

Usta ya ce bai ƙi tawa ba. Ya ce shi da gidansa ne, madacin zai jira, don madaci in ya tsufa kankare shi ake yi ya dawo sabo, a sake, a kuma sakewa, har jikokin jikoki. Na haɗin kuwa in ka kankare sau ɗaya, na biyu ka kai ga gam. Mai gidan hayar ma da ya zo ya ga jan katakon nan, sai da ya yi salati, ya ce irin wannan ko a Tarabulus sai gidan manya. Matan unguwa 'yan gida da suka ji ina waswasi suka yi mini caa, wai mai da hannun kyauta baya sai shaiɗan, balle kyautar wa, balle itacen uba. Duk wannan bai dame ni ba kamar abin da babanku ya faɗa. Ina shafa masa man zafi a ƙafar, na ji tsokar ta fara tauri kamar igiya, sai ya ce:

"Rabi, ki jira na Yaya. Ni dai kwance nake. Kada ki ɓata da ɗan'uwanki a kan mutumin da ya riga ya gama tafiyarsa."

Kun san halina, ba sai an gaya muku ba. Na ajiye kwalbar man da ƙarfi na ce wa ya aiko masa da takardar cewa ya gama? Na ce masa abubuwa da dama da ba zan rubuta ba, na fita tsakar gida ina huci. Amma gaskiyar magana tsoro nake ji. Gaba kura baya sayaki. In na jira madaci na rasa ƙafar mijina, in na ɗauki na kanti na rasa Yayana, ga shi kowa ya bi gefe ɗaya ya bar ni.

Ni ban yi karatun katako ba, abin da na sani shi ne tafiyar babanku, don na bi bayansa da ido har na haddace ta. Na ce wa Usta ya zaɓo mafi kyau a cikin madacin, ya goge iya gogewarsa, ya jera mini layi ɗaya a baranda, ya jera na haɗin a gefensa, a bar su su sha iska. Ya yi, aka bar su. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, na tuɓe takalmi, na ɗauki sandar babanku, na saki ƙafata ta hagu kamar ba tawa ba, na rufe ido, na shiga jan ta a kan madacin. Usta yana gefe yana dariya ƙasa-ƙasa. Ban yi nisa ba babban yatsana ya ci karo da bakin da ya ɗaga, farcen ya ɓalle, na tafi gaba ɗaya sai da na dafe bango. Dariyar ta tsaya. Ɗagawar ba ta fi kaurin tsinken tsintsiya ba, mai lafiya ba zai ma san da ita ba. Na ɗaure yatsan da tsumma na hau na haɗin, na ja ƙafa tun daga wannan bango har wancan, na juyo na dawo, ba abin da ya tare ni, ba kuma santsi, ga ɗumi a tafin ƙafa. Na buɗe ido na ce wa Usta ya je ya auno ɗakin.

Kiran Yaya shi ne aikin da ya fi haihuwa wuya. Na yi alwala, na yi nafila, na kira. Na bi masa a hankali, na yi godiya, na ba shi labarin iska da tsagewa da tudun ɗaki da farcena. Yana ta cewa uhm. Da na kai ƙarshe ya ce:

"Auta, itacen da ubanki ya zauna a gindinsa ne fa. Shi kika jera da kwalin kanti kika gwada?"

Na ce, "Yaya, na san naka ya fi. Na san zai kai jikoki. Ni ba jikoki nake yi wa ba, mijina nake so ya tashi bana."

Ya ce, "To, Allah ya ba shi lafiya." Bai ce Auta ba.

Daga nan ƙofa ta rufe. In na kira, sai matarsa ta ɗauka ta ce ya tafi gona, ko da kuwa rani ne. Salla ta zo ta wuce ban ji muryarsa ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na bar gida. Dabinon da nake aika masa duk azumi, aka ce yana karɓa ya rabar a masallaci, ko ɗaya ba ya kaiwa baki. Ke Zainabu, kin yi kuka da bai zo ɗaurin aurenki ba, kika ce me kika yi wa Kawu. Ba ki yi masa komai ba, 'yata, ni ce. Abin da ya ƙara hura wutar kuma, da madacin ya gama bushewa Usta ya miƙar da wasu ya yi wa shago kanta, don ba na son ganin su jibge a ɗaki. Ni a ganina girmamawa ce, kullum ana ganin su. Wani direba mai dogon baki ya je ya ce wa Yaya ya ga itacen babansu ana jera masa omo da taliya. Allah ya yafe wa direban nan, ni dai na daɗe ban yafe ba.

Shimfiɗar kanta ba ta ɗauki lokaci ba. Ɗakin kwana, da baranda, har bakin banɗaki, duk ya zama shafe ɗaya. Usta ya kafa mini doka, ba kwara ruwa, sai tsumma mai ɗan laima. Wayyo, hannuna har ƙaiƙayi yake in na ga bokiti. Babanku daga gado yana cewa yau an ɗaure agwagwa. Amma tsokanar kawai yake, bai sauko ba. Kwana ya bi kwana, yana kallon sabon ƙasan yadda yake kallon tsohon. A nan ne na san baƙin ciki. Na ce shi ke nan, Rabi, kin sayar da ɗan'uwa kin sayi iska. Ina tuƙa tuwon sayarwa hawaye na zuba, masu aikin gini suna cewa hayaƙi ya yi mini yawa.

Rannan zuciya ta ɗebe ni. Babanku da shayin la'asar ba a shiga tsakaninsu, irin na Larabawa mai kumfa da ya koya a kasuwa. Na haɗa shi yadda yake so, na shigo da tire, maimakon in ajiye a gefen gado sai na wuce da shi can jikin taga, na dire. Na jingina masa sandarsa a gado. Ya ce mene ne haka? Na ce shayi ne. Ya ce wannan mugunta ce, ya ce ashe haka zan yi masa da tsufa, ya kira ni da cikakken sunana har da na babana. Na fita na ja ƙofa ban rufe ba, na shiga kicin na tsaya riƙe da muciya. Na ce ya Allah, in ya faɗi yau, na kashe shi da hannuna. Shiru, shiru. Sai na ji gado ya yi ƙara. Sai ƙwas, sanda. Sai shuuu, ƙafa. Ƙwas, shuuu. Ban motsa ba, ban leƙa ba, na cusa bakin mayafina a baki don kada ya ji ni. Da ƙarar ta tsaya na ji ƙarar kofi, sannan muryarsa.

"Rabi, shayin nan naki ya huce."

Na ce to ya yi sauri gobe. Abin da na iya faɗa ke nan.

Kafin zafi ya kankama yana zagaya baranda. Kafin azumi ya kai ƙofar gida. Da ƙafar ta yi ƙarfi tsoron ya sake shi, har tayil ɗin ma ya koma takawa a hankali, har masallaci, har shago ya je ya zauna yana yi wa masu ciniki surutu. Ƙafar ba ta taɓa ɗaguwa ba har ya koma ga Mahaliccinsa, amma ba ta sandare ba, keke kuma bai shiga gidana ba. Na gode wa Allah, na gode wa Basudanen nan, da Usta, da mai gidan hayar. Na kuma gode wa Yaya, don da bai aiko da nasa ba, da ban san abin da nake zaɓa ba. Kuma ku sani, a kan katako gaskiyarsa ce. Na haɗin nan yashin da takalma ke shigowa da shi ya cinye fuskarsa a bakin ƙofa, ya koɗe, an kankare sau ɗaya Usta ya ce kada a ƙara. Kantar madacin kuwa tana nan a shagon, wanda ya gaje shi ya ce ko gezau ba ta yi ba.

Shekaru suka ɗan tura kafin mu samu zuwa gida. Babanku ne ya matsa, ya ce ba zai mutu ya bar ni da wannan ƙulli ba. Muka sauka ƙauye da yamma. Yaya yana zaune a ƙofar gida, a filin da madacin ya bari, ya tsufa fiye da yadda nake zato. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar yana amsa wa baƙuwa, idonsa a wani wuri. Sai babanku ya fito daga mota da kansa, ya ƙi a riƙe shi, ya nufo shi. Kun san ƙofar gidanmu, duk kwazazzaɓon ruwan damina ne da saiwoyi da duwatsu. Ya taho ƙwas, shuuu, ƙwas, shuuu, yana murmushi, hannu a miƙe don musabaha. Saura kaɗan ya iso yatsunsa suka sami wata 'yar saiwa da ta leƙo daga ƙasa, ya tafi zai kifa. Yaya ya zabura ya tare shi da ƙirji. Suka tsaya a haka, tsoho riƙe da tsoho. Na ga Yaya ya sunkuyar da kai yana kallon saiwar, yana kallon ƙafar. Ya zaunar da shi a kan tabarmarsa, aka yi gaisuwa, aka kawo ruwa. Ni ko kallona bai ƙara yi ba, na shiga cikin gida da zuciyata a jagule.

Da gari ya waye, ina ɗakin baƙi na ji sara a waje. Na yafa mayafi na fito. Yaya ne, ya tuɓe riga, da fartanya da gatari da kwando. Ya faro tun daga bakin ɗakin da aka sauke mu, ya ratsa zaure, ya miƙe hanyar masallaci, yana tone saiwa, yana tsince dutse, yana cike rami da jar ƙasa yana daddaɓewa da bayan fartanya. 'Ya'yansa manya sun zo karɓa ya kore su. Na tsaya a bayansa. Bai juyo ba ya yi magana.

"Ashe ko kaɗan ba ta ɗaguwa."

Na ce, "Ba ta ɗaguwa, Yaya."

"Ba ki gaya mini haka take ba."

"Na gaya maka."

Ya dafa ƙotar fartanya ya share gumi da bayan hannu. "Kin gaya mini," in ji shi. "Ban gani ba ne." Ya nuna mini kwandon da haɓa. "Auta, ɗebo mini ƙasa."

Na ɗauki kwandon nan, ni mai jikoki, na yi ta jido kamar yarinya, ina kuka ina dariya, har muka kai ƙofar masallaci. Da aka kira Azahar suka fito tare shi da babanku, Yaya a gefen hagu, bai riƙe shi ba, bai kuma yi nisa da shi ba. Na tsaya a bakin zaure ina kallon bayansu. Ƙafar babanku tana jan layi a kan sabuwar ƙasar, layi ɗaya miƙaƙƙe, bai yanke ba har ƙofar masallaci.